Ranar da Ƙwaryata Ta Shiga Aji

Har gobe ban manta da ranar Alhamis ɗin da Malam Isiyaku ya shigo kicin yana neman aron ƙwaryata ba. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ce, ina shugabar masu dafa abinci a wata makarantar kwana ta 'yan mata a Ƙauran Namoda. Ku da kuka zo daga baya ku san tsarin: firinsifal ce a sama, sai mataimakinta, sai mataron mai kula da ci da kwanan yara, sannan ni. Ban taɓa zama a aji ba, amma babu tukunyar da ke hawa murhu sai da izinina.

Malam Isiyaku mutumin Shinkafi ne, siriri, kimiyya yake koyarwa. Ya ce, "Inna Hajo, kullun fanke nake so ki ba ni, wanda bai tashi ba, da ɗan riɗi."

Na ce, "Yunwa ce, ɗana? Zauna in toya maka."

Ya ce a'a, darasi zai yi da shi.

To, ƙwaryar kullu tana da doka. Ba a wanke ta da sabulu, ba a juye kullu daga cikinta yana tsakiyar tashi, kuma ba ta zuwa ko'ina sai da mai ita. Tawa tun daga ɗakin uwata na zo da ita. Na ce masa in ƙwarya za ta je aji, ƙafata ƙafarta. Ya yi dariya ya ce bismilla. Haka na ɗauko abata a ka, na zauna a bayan 'yan ajin ƙarshe.

Ya barbaɗa riɗi a kan kullu, ya sa yara suka duba, aka rufe da faifai aka ajiye a taga inda rana ke bugawa. Ya yi ta zane a allo. Da aka buɗe, kullu ya taso, ƙwayoyin riɗin da ke manne da juna duk sun ja baya.

Ya ce kowace ƙwaya ku ɗauke ta tarin taurari ce, kullun kuma sararin sama. Sama buɗewa take yi, komai na nisantar komai. Da, masana sun zaci buɗewar raguwa take, wataƙila wata rana ta koma ta faɗa, kamar kullun da aka bari ya wuce lokaci. Sai kwanan nan suka auna suka ga ƙara sauri take. Akwai wani ƙarfi da ke tura ta wanda ba a gani. In aka ci gaba a haka, taurari za su mutu ɗaya bayan ɗaya kamar murhun da itace ya ƙare masa, sai sanyi da duhu.

Ban san sa'ad da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Malam, nawa kullun yis ke tura shi. Na sama fa, mi ke tura shi?"

Ya ce, "Inna, ba su sani ba. Suna kawai suka sa masa, baƙin ƙarfi."

Wata yarinya Rabi, 'yar Zurmi, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to Alƙiyama fa? Yaushe?"

Ya ce, "Wannan sanin na Allah ne shi kaɗai. Ni abin da aka auna na faɗa maku. Mai abu yana naɗe kayansa ranar da Ya so."

Aka buga ƙararrawa, na ɗauki ƙwaryata na koma bakin aiki.

Bayan hutun rabin zango sai ga mahaifin Rabi, Alhaji Bube, dattijon makiyayi, da takardar ƙara. Yarinya ta koma gida ba ta cin abinci, tana cewa an koya masu duniya da sanyi za ta ƙare, ba da busa ƙaho ba. A wancan lokacin magana irin wannan ba wasa ba ce. Ƙa'ida ita ce firinsifal ta ba malami takardar neman bahasi, kwamitin iyaye da malamai ya zauna, in ya same shi da laifi a rubuta wa ma'aikatar ilimi. Daga nan sai kora. Ga shi matar Malam Isiyaku ba ta daɗe da haihuwa ba.

Ranar zama aka tambayi yara, kowace da irin tata. Malam kuma ya tashi ya yi ta dogon bayani har ya ƙara rikita dattawa. Firinsifal ta ce, babu babba ko ɗaya da ya ji darasin? Mataron ta ce, "Akwai. Inna Hajo ta bi ƙwaryarta."

Da aka aiko kirana, ban tafi hannu sake ba. Kullun fanken Juma'a na kwaɓe, na ɗauko shi a ƙwaryata da riɗi, na dire a kan teburin firinsifal.

Alhaji Bube ya ce, "Baiwar Allah, shaida muka kira, ba talla ba."

Na ce, "Alhaji, shaidar ce wagga. Ku barbaɗa da hannunku."

Ya barbaɗa, na rufe. Kafin kullun ya tashi na ba su labarin darasin tun daga farko, tambayata da ta Rabi da amsar kowace, ban rage ba ban ƙara ba. Limamin makaranta ya ce, "Kin tabbata bai sa wa Alƙiyama lokaci ba?" Na ce, "Allah gafarta Malam, mutumin da ko abin da ke tura kullun ya ce bai sani ba, ina zai san ranar da za a sauke shi?"

Na ɗaga faifai. Alhaji Bube ya sunkuya ya daɗe yana kallon riɗinsa da ya watse. Can ya ɗago ya dubi Malam Isiyaku ya ce, "Kai ka ce ba ka sani ba?"

"Na ce, Baba."

"To mi ya hana ka faɗa mana haka tun ɗazu, kana ta Turanci?"

Ɗaki ya kwashe da dariya. Aka yanke cewa ba za a rubuta wa ma'aikata ba, amma Malam ya sake darasin, liman na zaune. Rabi ce a layin gaba, ni da ƙwaryata muna baya. Kullun shaidar kuwa na toye shi, 'yan kwamiti suka cinye tas. Alhaji Bube ya ci biyar, ya ƙulle uku a hannun riga.

Abin da nake so ku riƙe, ku masu kicin, kada wadda ta ce ita kuku ce kawai. Makaranta ɗaya ce, daga allo har murhu, kuma ba ka sanin ranar da na baya zai tsaya wa na gaba. Da na miƙa masa ƙwaryar nan na juya, da Malam Isiyaku ya bar aiki a wannan zangon. Ya kai har ritaya yana wannan darasi, kowace shekara ina zaune a baya, kowace shekara ina yi masa tambayata. Ran da muka yi sallama ma na ce, "Ɗana, an gano mai turawar?" Ya ce, "Tukuna, Inna." Na ce to madalla, na ɗauki ƙwaryata.