Rezon da Muka Kai Ɗakin Inna

Shekarar da Inna ta zame a banɗaki ƙugunta ya karye, ina koyarwa a wata makarantar firamare a Parakou, ina zaune da mijina a unguwar Albarika. Ita kuwa tana gidanmu na Djougou, a hannun Yaya, babban wanmu. Likita ya duba ta ya ce ƙashin tsoho ba ya ɗoruwa yadda ake so, a mai da ta gida a riƙa lallaɓa ta. Tun daga ranar ba ta sake taka ƙasa ba.

Ciwon bai dame ta ba kamar rashin ganin Auta. Ƙaramin ƙanenmu ne, yana Aljeriya yana aikin gini, ba shi da takardu, in ya fito ba lalle ya samu hanyar komawa ba. Kafin faɗuwar, duk Juma'a in an sauko daga masallaci Inna takan ɗaura zaninta mai kyau ta taka zuwa shagon Yaya da ke ƙofar gida, inda yake yi wa mutane fotokofi. A nan akwatin wifi yake. Ta zauna a benci, a riƙe mata waya, ta ga ɗanta, ta yi masa faɗan rama.

Ɗakinta kuwa yana can ƙuryar gida, tsohon ginin ƙasa ne mai kaurin bango, rezo, wato sabis ɗin waya da intanet, ba ya shiga ko kaɗan. Sau ɗaya aka gwada ɗaukar ta a kujera zuwa shagon. Ta ciji gefen mayafinta har aka isa, gumi ya jiƙe mata wuya. Da Auta ya ga fuskarta sai ya fashe da kuka. Bayan an mai da ita ta ce wa Yaya, “Kada ku sake nuna masa ni a haka. Ku ce masa ina gaishe shi.”

Mijina ne ya ba ni labarin wasu ƙananan akwatuna da ya gani a wurin aikinsu, waɗanda ke tura rezo ta cikin wayar kuran, wato wutar lantarkin gida, ba sai an ja wata igiya ba. Na je wani shagon kayan lantarki kusa da Gare, wato tasha. Mai shagon, wani dattijo ɗan Nijar, ya ɗauko mini su guda biyu, farare, kowanne bai fi sabulun wanka ba.

“Hajiya, wannan ki sa shi a priz ɗin bango, inda ake jona kayan wuta, kusa da akwatin wifi, ki haɗa su da wannan guntuwar waya,” in ji shi. “Ɗan'uwansa ki kai shi ɗakin da kike so. Ki danna maɓallin wannan, ki danna na wancan, su san juna. Amma a bango kai tsaye, ban da ralonj, wayar nan ta ƙarin tsawo. Kuma kontar ɗaya ce a gidan? Don in mitar wutar ta bambanta, ba za su ji juna ba.”

Na ce ɗaya ce, don abin da na sani ke nan tun ina yarinya.

Ranar Asabar na shiga takasi zuwa Djougou da akwatunan a cikin jakata, a naɗe da ɗankwali. Muka sa na farko a shago, fitilarsa ta kawo kore. Na kai na biyu ɗakin Inna, na ture kwanukanta na gano priz ɗin, na danna maɓalli. Fitilar kuran ta kama, ta haɗin kuwa shiru. Yaya ya yi ta safa da marwa tsakanin shago da ɗaki, yana dannawa yana kwala mini kira, “Ya kawo?” ina cewa bai kawo ba. Inna tana kwance tana bin mu da ido. Can ta ce, “Ku bar wahalar da kanku, ku zo ku ci abinci.”

Muna cikin cin abincin ne Yaya ya dafe kai. Ashe bayan aurena an raba kuran ɗin gidan biyu, saboda iyalin Baffa, ƙanen mahaifinmu, sun yi yawa. Ɗakin Inna ya faɗa ɓangaren kontar Baffa. Na ajiye cokali, abincin ya fita raina. Sai matar Yaya ta ce, “Ai priz ɗin baranda, wanda nake guga da shi, namu ne.” Yana dab da ƙofar Inna. Muka sa akwatin a nan, muka buɗe ƙofa, muka ɗage labule. Fitilar ta yi ƙyafta-ƙyafta, sannan ta tsaya kore.

Inna ba ta yarda a kira nan take ba. Sai da na goge mata fuska, na sa mata kwalli, na gyara mata ɗauri, aka jingina ta da matasai.

“Inna, kin yi kyau,” in ji Auta.

“Kai kuma ka yi baƙi. Wane ne ya ce ka bar gemu haka?”

Ya yi dariya, ita ma ta yi. Rabon da in ji dariyarta tun kafin faɗuwar.

Daga nan kiran ya tashi daga na Juma'a ya koma na kullum. In an tashe su hutun rana a wurin gini, sai ya zauna a kan bulo da burodinsa, ita kuma a kawo mata kununta, su ci tare. Ta sa ya nuna mata ɗakin da yake kwana da tukunyar da suke girki. Ta san abokan zamansa ɗaya bayan ɗaya. Ɗaya daga cikinsu ɗan Bariénou ne, kusa da Djougou, har mahaifiyarsa takan hau mashin ta zo ta zauna a bakin gadon Inna don ta ga nata ɗan. In na zo ƙarshen mako sai in tarar da ɗakin cike da hira, Dendi da Hausa a cakuɗe. Inna ta hana matar Yaya guga a wannan priz ɗin, ta ce ta nemi wani wuri.

Haka muka ci rani. Da damina ta kankama sai tari ya kama Inna, irin na wanda ya daɗe a kwance. Aka yi allurai, ya lafa, ya dawo. Wata Laraba da safe Yaya ya kira ni ya ce, “In da hali ki taho yau.” Ban tambaye shi komai ba, na nemi izini a makaranta na kama hanya.

Tun daga bakin gari na fara ganin ɓarnar iskar da aka yi jiya: rassa a kan titi, kwanon rufi a cikin kwata, turakun kuran a kwance. Unguwarmu duka babu wuta, kuma babu wanda ya san ranar da za ta dawo. Na wuce akwatin baranda a mace na shiga ɗaki. Inna tana numfashi da ƙyar. Ta riƙe hannuna ta ce, “Kira mini shi.”

Wayata na da sauran caji kaɗan. Na fita ina ɗaga ta sama har na samu rezo a tsakar gida, gindin mangwaro. Hoto ya ƙi zuwa, sai murya, ita ma tana yankewa. In na yi taku biyu zuwa ɗakin sai kiran ya katse. Na buɗe sautin har ƙarshe, amma yayyafi na dukan kwano, kunnen Inna kuma ya yi nauyi. Yaya ya kawo shawarar a fito da ita, muka dube ta, muka san ba zai yiwu ba.

Sai na bar wayar a hannun matar Yaya a gindin bishiyar, na zama ɗan aike.

“Anti, ki ce mata ta yafe mini, na daɗe ban zo ba,” in ji Auta.

Na ruga ɗaki na faɗa mata a kunne. Ta ce, “Ki ce masa bai yi mini komai ba. Na yafe duniya da lahira.”

Na koma cikin ruwan na faɗa masa. Ina jin ƙarar injin kwaɓa siminti a bayansa.

“Ki ce mata zan taho. Gobe zan nemi mota.”

Da na faɗa mata sai ta girgiza kai. “Kada ya biyo sahara saboda ni. Ki ce masa ni na hana. Ya riƙe salla, ya riƙa cin abinci mai zafi.”

Na kai masa wannan ma. Ya fara wata magana, na ji ya ce “ki ce mata,” sai wayar ta mutu. Yaya ya karɓa ya tafi neman mai sola a maƙwabta. Ni na koma na zauna kusa da ita da jiƙaƙƙun kaya. Ta tambaye ni me ya ce. Na ce wayar ta ɗauke, Yaya ya tafi neman caji. Ta ce, “To.” Matar Baffa ta shigo ta zauna a wajen kanta tana maimaita mata kalmar shahada. Kafin la'asar Allah ya karɓi abinsa. Yaya ya dawo da wayar ta samu caji, ya tarar an rufe Inna da zani.

Shi ya sanar da Auta, ni ban iya ba. Aka yi jana'iza kafin magariba, ƙasa a jiƙe.

Auta bai taho ba, ya bi maganarta. Har yau yana can. Yakan kira ni a Parakou, mu gaisa, ya tambayi yara da makaranta, sai ya ce, “Anti, sake faɗa mini yadda ta ce.” In faɗa masa daga farko, ba na rage komai. Wata rana na tambaye shi abin da yake son in gaya mata lokacin da wayar ta mutu. Ya ce shi ma ya yi ta ƙoƙarin tunawa, ya kasa.