Abin da Kwaɗo Ya Bari a Randa

Tun ina ƙarama fatata ba ta shiri da komai. Sabulu mai ƙamshi ya taɓa ni, sai ƙuraje. Shi ya sa kakata Inna ba ta yarda a shafa min komai sai man kaɗanyar da take narkawa da kanta a murhun tsakar gidanmu na Fagge. A gindin murhun nan take mana tatsuniya bayan isha'i, tana yi tana juya mai.

Wata rana Anti Rabi, matar kawuna, ta sayo man bilicin a kasuwar Sabon Gari. Tana tsoron ya ɓata mata fuska, sai ta kira ni ɗaki ta lakuta min a kunci, wai ta ga yadda zai yi. Kafin la'asar wurin ya tashi kamar ƙunar ruwan zafi. Inna ta duba, ta shafa min kaɗanya, ta ci gaba da aikinta. Wallahi na fi jin haushinta a kan na Anti Rabi. Ashe ni ba ni da mai rama min?

Da muka taru a murhu, sai Inna ta aika a kira Anti Rabi ta zo ta hura mata wuta.

"Ga ta nan," in ji Inna, "amma ta yau har manya su buɗe kunne."

Wai a da can babu mai santsin fata kamar kwaɗo. Wata mai haɗa man kwalliya ta kama shi ta ɗaure a bayan randa, duk abin da ta haɗa a gadon bayansa take fara gwadawa. In ya yi kuka ta ce, "Rufe min baki, kai wa zai kalle ka?" Haka bayansa ya lalace, ya yi kaushi. Ranar da za ta biki, kwaɗo ya tsinke igiya ya faɗa randar ruwan wankanta, ya wanke duk abin da ta taɓa shafa masa. Ta yi wanka, ta ci ado, ta fito. 'Yan biki na ganin fuskarta suka watse.

"Inna, ta warke?" na tambaya.

"Shi kwaɗon ya warke ne?" Idonta na kan Anti Rabi. "Ƙurunƙus, kan mai gwaji a jikin da ba nata ba."

Anti Rabi ta miƙe, wai hayaƙi ya shigar mata ido. Ni kuwa ranar na yi barci mai daɗi, da kuncina a kumbure.

Tabon yana nan har yau. Na gaji sana'ar Inna, ina haɗa man kaɗanya mai araha a wani ɗan shago kusa da Titin Ibrahim Taiwo, kuma a hannuna nake gwadawa, ban taɓa gwadawa a kan dabba ko ɗan wani ba. Na ɗauka darasin ke nan, na kuma ɗauka na huce.

Bara sai ga Anti Rabi, bilicin ya ƙona mata kumatu, tana janye da jikarta. Na ba ta mai. Ta buɗe, ta sansana, sai ta jawo hannun yarinyar.

"Ɗan shafa mata mu gani tukuna."

"Anti, miƙo naki."

Ta kalli kuncina, ta sunkuyar da kai, ta miƙo. Na shafa mata a hankali. Man da nake haɗawa ba ya ƙona kowa. Amma Allah ya sani, a wannan lokacin na so a ce yana yi.