Abdul-Jalil Ba Kaya Ba Ne

Wallahi har yau ban san ko daidai muka yi wa Abdul-Jalil ba.

Mutumin Zangon Kumasi ne, shi ke ɗaure mana kaya a wani shagon kago, masu aika kaya ta jirgi, a unguwar Al Karama ta Dubai. Mu 'yan kasuwar Kano mu sayo, shi ya naɗe, ya auna, ya liƙa takarda. Hannu na aiki, baki na wa'azi. Ba na addini ba fa, na 'yancin baƙar fata. Wajen ubansa ya gada, har da wata hula mai ja da baƙi da kore da ko Juma'a ba ya cire ta.

Maganarsa biyu ce, mun haddace su kamar karatun allo. Ta farko: "An loda kakanninmu a jirgi kamar buhunan masara. Baƙar fata ba kaya ba ne!" Ta biyu: "In na mutu ku mai da ni gida, ƙasar Afirka ce za ta rufe ni."

Ni kuwa sai in tsokane shi: "To habibi, me kake yi a Dubai shekara da shekaru?" Sai ya ja tsaki. "Mijinyawa, matsa, ka tare min sikeli."

Kwatsam wata Talata zuciyarsa ta buga, ya cika.

Nan fa kanmu ya ɗaure. Dattawanmu suka ce ƙasa duk ta Allah ce, a gaggauta a rufe shi nan. Matarsa Safura ta ce ai ya bar wasiyya. Muka je tambaya, aka ce mana gawa ɓangaren kago take bi, cikin akwati, kuma sai an auna ta.

Innalillahi! To wacce za mu bi cikin maganganun nasa? Mu binne shi a ƙasar wasu, ko mu loda shi?

Na ce, "Hajiya, shi fa da bakinsa ya ce ba kaya ba..."

Ta katse ni. "Alhaji, kakannin nan da yake faɗa, su fitar da su aka yi. Shi gida za shi. Khalas, magana ta ƙare."

Aka bi tata maganar, amma raina bai kwanta ba.

A wurin lodi wani ma'aikaci ya tura akwatin kan sikeli, ya liƙa masa takarda irin wadda Abdul-Jalil ke liƙa wa kwalayena. Ban san sanda na kai hannu na ɓare ta ba.

Ya dube ni. Ya liƙa wata.