Yadda na kashe muryar Maiturare

Duk matar da aka aurar a unguwarmu ta Zango cikin shekara talatin, da muryar Maiturare aka kai ta ɗakin miji. Zabiya ce, gajera, mai son goro da tsokana. In ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, har masu awon gero a bakin kasuwa sai sun ɗago kai.

Da shari'a ta zo, dattawan unguwa suka ce ba sauran makaɗa maza da lasifika a biki, mata su yi abinsu a cikin gida. Maiturare ba ta yi musu ba. Ta koma kiɗan ƙwarya, tana ɗaga murya a kan surutun mata ɗari, biki uku a mako. Cikin shekara biyu muryar ta fara dishewa.

Ta je asibiti a Daura. Likita ya ce maƙogwaron ya kumbura, ta yi mako uku ba waƙa, ba guɗa, ko raɗa kada ta yi. Ta riƙa shan ruwa mai ɗumi, ta nisanci hayaƙin murhu, in ba haka ba muryar za ta tafi ke nan. Ta bi maganarsa sau da ƙafa. In tana son abu, sai ta ƙwanƙwasa ludayi a jikin ƙwarya.

Kwana tara da fara shirun nan bikin autata Haulatu ya zo. Ni Talatu, mai bakin da ba ya gajiya, na riga na cika wa dangin ango baki cewa Maiturare ce za ta yi mana. Na same ta a tsakar gida tana tsince wake.

Na ce, "Haba Yaya, 'ya'yan kowa kin raka, sai tawa za a kai shiru kamar an sato ta?"

Ta nuna wuyanta, ta girgiza kai.

"Rabu da likita, Yaya. Iyayenmu da citta suka yi maganin wannan."

Na koma gida na dafa citta da kanumfari da masoro, na zuba zuma, na kawo mata da zafinsa. Yajin ya rufe mata ciwon, ta ji kamar ta warke. Da la'asar ta yi waƙa har rana ta faɗi, mata na ta shewa, ni kuwa sai baza mayafi nake a gaban surukai.

Washegari muryar ba ta fito ba. Aka yi wata, aka yi shekara, abin da ya dawo ɗan shaƙe-shaƙe ne da sai ka matsa kusa za ka ji. Yanzu ƙuli-ƙuli take sayarwa a ƙofar gida. Ba ta taɓa gaya wa kowa ni ce sila ba, wannan ya fi komai ba ni kunya. Na daina bin layinsu, ina zagayawa ta bayan masallaci.

Bana Haulatu ta haihu. Ranar suna sai ga Maiturare da sabulu biyu a leda. Ta karɓi jaririyar, ta yi murmushi, hannunta ya tafi hanci kamar yadda ya saba. Ta buɗe baki za ta yi guɗa, iska kawai ta fito.

Ta juyo ta miƙo mini jikata, ta matso kusa da kunnena ta ce, "Talatu, ke yi mata. Kada ta shigo duniya shiru."