Riga Mai Lamba Tara

A garinmu ba a ƙwallo sai an gama girbi. Idan aka kwashe gero da dawa, shanu suka cinye abin da ya rage, sai mu samari mu fito da fartanya mu tuge tushiya, mu daidaita ƙasar wata gona da ke bayan makarantar firamare, mu kafa sanduna biyu gabas biyu yamma. Daga nan gona ta zama filin wasa har faɗuwar damina. Ranar da aka yi ruwan shuka kuwa, ko gobe ne wasan ƙarshe, mai gona ba ya sauraron kowa, iri zai zuba. Ba mu taɓa jin haushinsa ba, domin mu ma washegari muna gonakin iyayenmu.

Rigunan wasanmu saiti ɗaya ne tak, kore mai ratsin fari, guda goma da ta mai tsaron gida. Suna zaune cikin buhu a ɗakin kocinmu, wani malamin firamare mai tsananin tsiya. Babu wanda ke da riga tasa ta kansa. Kafin wasa koci ya miƙa maka, bayan wasa ka tuɓe ka mayar, ya ƙirga su a gabanka. Ya sha faɗa mana cewa ko Sarki ne ya zo ya ce a ba shi ɗaya, sai dai ya yi haƙuri.

Shekarar da nake magana a kai, ina da ashirin da biyu, na gama kwalejin ilimi ta Bici ina zaman jiran aiki, aka ba ni lamba tara. Wanda ya sa ta kafin ni, shekara huɗu a jere, wani ne da ya girme ni kaɗan, ɗan unguwar gabas. A daminar da ta wuce zazzaɓi ya kama shi, kwana huɗu ya rasu. Ni ma ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa. Shi ne ɗan farin mahaifinsa, wani dattijo manomi, dogo, marar yawan magana. Kowa ya san yadda uba yake da ɗan fari a wajenmu: ba ya kama sunansa, ba ya wasa da shi, ba ya yabonsa, ba ya ma tsayawa inda ake yabonsa. Duk shekarun da ɗansa ya yi yana tayar da ƙura a filin nan, dattijon bai taɓa takowa ya kalla ba. Da aka yi rasuwar, a zaman makoki ko hawaye ba a gani a idonsa ba. Bayan sadakar bakwai shi da kansa ya tattara kayan mamacin, riguna da huluna da takalma, ya rabar da su sadaka bai bar ko ɗaya ba. Mutane suka yi ta yaba tawakkalinsa.

Duk wannan na san shi. Ina faɗa ne tun yanzu don kada wani ya yi mini uzurin rashin sani.

Da aka buɗe wasannin wannan ranin, sai muka fara ganin dattijon a bakin fili. Ba ya shiga cikin 'yan kallo. Can gefe yake tsayawa, gindin wata ɗorawa, hannuwa a goye a baya. Ba ya tafi, ba ya ihu. Amma duk inda na yi da gudu, idan na waiwaya sai in ga idonsa a kaina. Ni kuwa a lokacin kaina ya fara girma. Ina cin ƙwallaye, 'yan mata masu tallar gyaɗa sun san laƙabina, don haka ban ga abin mamaki ba a ce har tsoho ya bar aikinsa ya zo kallona.

A shekarun ne aka fara wata sabuwar ɗabi'a. A gidan kallon ƙwallo ana ganin 'yan kallon ƙasashen waje suna ɗaga kwali suna roƙon ɗan wasa rigarsa, shi kuma ya tuɓe ya jefa musu. Sai 'yan kallonmu suka ɗauka. Ana busa tashi za ka ji ana "Ba ni rigar! Ba ni rigar!" alhali kowa ya san buhun koci na jira. Wasa ne kawai, mu ma dariya muke yi mu wuce.

Wata la'asar muka buga da wasu daga wajen Shanono, na ci biyu. Bayan an tashi, mutane sun fara watsewa, ina zaune a ƙasa ina kwance takalmi, sai na ga inuwar mutum a kaina. Dattijon ne. Na yi sauri na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "Sannu da ƙoƙari, samari."

Na ce, "Yawwa, Baba."

Sai ya ce, ƙasa-ƙasa, "Wannan rigar ta jikinka. In ba damuwa, ko za ka bar mini ita?"

Abokan wasana biyu da ke kusa suka tuntsire da dariya. Ɗaya ya ce, "Ka ga, har Baba ya shiga layin masoya." Ni ma na yi dariya, kuma har yau idan na tuna wannan dariyar sai in ji kamar in nutse.

Na ce, "Ayya Baba, ai ta ƙungiya ce. Koci ba zai yarda ba."

Ya ce, "To, ba komai. Allah ya yi albarka." Ya juya ya tafi.

Bayan kamar mako uku ya sake tare ni, wannan karon a hanya, babu kowa. Bai kalli fuskata ba. Ya ce ko da bayan an gama wasannin bana ne, ba gaggawa yake yi ba. Na ce masa in sha Allahu, irin in sha Allahun da ake yi wa mutum don ya ba ka hanya. Amma abin ya zauna mini a rai, ba don na gane ba, sai don ya yi mini daɗi. Dattijo mai furfura ya roƙe ni riga sau biyu. Na ce lallai sai na yi masa abin da za a daɗe ana labari.

Ranar kasuwar Bici na hau babur na je na zaɓi sabuwar riga, koriya shar, mai sheƙi, wadda ta fi tamu kyau nesa ba kusa ba. Na kai wa mai buga lamba ya buga tara a bayanta. Ya tambaye ni ko a sa suna. Na ce a sa. Aka buga laƙabina da manyan baƙaƙe a saman lambar.

Ban kai masa gida a ɓoye ba. Sai da na bari bayan sallar la'asar, dattawa na zaune a dakalin ƙofar masallaci, na je na durƙusa na miƙa masa ledar. Na ce, "Baba, ga rigar da ka tambaya. Wannan sabuwa ce fil, ba irin wancan tsumman ba." Ya sa hannu biyu ya karɓa. Ya ɗan buɗe bakin ledar ya leƙa, ya mayar ya rufe. Ya yi mini godiya, ya sa mini albarka mai tsawo, dattawa suna amin. Na tashi ina jin kaina kamar wanda ya kai mutum Makka.

Daga ranar bai sake zuwa fili ba. Mun buga wasa uku, gindin ɗorawa babu kowa. Na lura, amma na ce ai ya samu abin da yake so.

Innata ce ta farkar da ni. Wata safiya tana tankaɗe a tsakar gida, ina shan koko ina ba ƙanwata labarin kyautar da na yi, har da ƙarin gishiri. Inna ba ta ɗago ba. Ta ce da ƙanwar tawa ta tashi ta ba mu wuri. Sannan ta ajiye rariya.

Ta ce, "Kai yanzu duk karatun da ka yi, ka zaci kai dattijon nan yake zuwa kallo?"

Na ce, "To wa zai kalla, Inna?"

Ta ce, "Jiya na shiga gidansu barkar haihuwa. Matarsa ta ja ni ɗaki tana kuka. Ta ce tun da ya rabar da kayan yaron nan bai ƙara cin abincin kirki ba. Ya duba gidan kaf, babu ko hular da zai ɗauka ya riƙe. Abu ɗaya ya rage a duniya da ya san yaron ya sa a jikinsa, shi ne wanda kake yawo da shi a fili. Ba zai iya buɗe baki ya ce a ba shi rigar ɗansa ba. Ya ga yara suna roƙon riga, ya ce bari ya bi ta nan. Kai kuma ka kai masa sunanka a gaban mutane."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗauki rariyarta ta ci gaba. Na kasa ƙarasa kokon. Kunya na ji, da haushin kaina, da wani irin tausayi da ban taɓa ji wa namiji babba ba. Na tuna yadda ya jira mutane suka watse kafin ya matso, na tuna na kira rigar tsumma.

Na tafi wajen koci a makaranta, na same shi lokacin hutun tara yana zaune a baranda. Na ce ina son lamba tara, ba aro ba, gaba ɗaya. Ya ce in na zo da wasa ne in koma. Na faɗa masa komai, har da abin da na yi a ƙofar masallaci. Ya daɗe yana kallon ƙasa, domin mamacin abokinsa ne tun suna yara. Amma koci koci ne. Ya ce saura wasa biyu, da me lamba tara zai buga? Sannan ya ce, cikin faɗa, "Shi ma me ya hana shi ya zo ya faɗa mini kai tsaye? Da tuni na ba shi."

Na san kocin ma ɗan fari ne. Na ce, "Malam, kai mahaifinka ya taɓa kiran sunanka?"

Aka kaɗa ƙararrawa, ya tashi ya shiga aji. Da yamma sai ga shi a ƙofar gidanmu da rigar a naɗe cikin takarda. Ya ce sauran wasannin in nemi koriyar riga ko ta wace iri ce in sa, in rafali ya yi magana shi zai ji da shi.

Ba a ma buga wasannin ba. Kwana biyu bayan haka aka yi ruwan shuka, mai gona ya tuge sandunanmu. Rigar kuwa ta kwana uku a ɗakina na kasa kai ta. Ina ɗauko ta in duba. Lambar ta fara ɓarewa, wuyan ya saki. Wata biyar ina zuba mata gumina, an wanke ta ya fi a ƙirga. Babu abin da ya rage na mamacin a jikinta, ko ƙanshi. Na ji kamar na cinye wa mutum abincinsa na kawo masa kwano. Kuma ban san me zan ce ba. In na ce ga rigar ɗanka, na tona abin da ya yi wata da watanni yana rufewa. In na yi shiru, ban san ko zai karɓa ba bayan abin da ya faru.

A rana ta huɗu da hantsi na bi shi gona. Shi kaɗai ne, yana sara da sungumi yana jefa iri yana takewa. Na yi sallama, na yi masa barka da ruwa, muka gaisa. Na durƙusa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa na buɗe takardar.

Na ce, "Baba, an gama wasannin bana. Ka ce in an gama. Ga ta."

Ya jingine sungumin a jikinsa. Ya goge hannuwansa a gefen rigarsa, ciki da bai, ya sake gogewa, sannan ya karɓa. Bai yi godiya ba wannan karon. Ya warware ta, ya riƙe ta ta kafaɗu biyu ya ɗaga a gabansa, ya daɗe a haka. Na mayar da idona kan ramukan shuka. Na ji yana jan numfashi ta hanci a hankali, kamar mai mura.

Na yunƙura zan tashi in bar shi, sai ya yi magana. Ba ni yake kallo ba, rigar yake kallo.

Ya ce, "Ya fi ka faɗin kafaɗa."

Na ce, "Ƙwarai, Baba. Ya fi ni."

Ya ce, "An ce yana da gudu."

Na ce, "Babu mai kamo shi a duk ƙasar nan."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Ban taɓa gani ba."