Kujera Ɗaya Zuwa Jidda

Ku da kuka fara aiki bana, akwai ranar da har yau ba ta bar raina ba. Goman ƙarshe na azumi ne, ina tagar sayar da tikiti a tashar jirgin ƙasa ta Madina, lokacin ina ƙaramar ma'aikaciya.

Hajzi, wato kama wuri, iri biyu ne. Akwai mu'akkad, kujerarka ta tabbata. Akwai intizar, kana layin jira, ba ka da kujera sai wani ya fasa tafiya, kuma bi da bi ake bayarwa.

Bayan azahar wani dattijo ya miƙo mini wayarsa. Malam Adamu sunansa, mutumin Cadi, yana aikin gonar dabino a unguwar Awali. Na duba, na ga intizar ne, amma shi ne na farko a layi. Na yi masa bayani da Larabci, ya yi ta gyaɗa kai yana murmushi. Sai na juya Hausa.

"Baba, ba ka da kujera tukuna."

Murmushin ya ɓace. Ya ce, "'Yata, matata za ta sauka Jidda yau. Shekaru ban gan ta ba. Ba ta jin Larabci, ba ta san kowa ba."

Motoci sun cika, hanya ta cushe. Na ce ya zauna inda zan riƙa ganinsa.

Ana dab da rufe ƙofar shiga jirgi wani ya fasa, kujera ɗaya ta fito. Daidai nan Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata, ya iso taga. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar babana. Ɗansa Faisal ma yana layin jira, can baya.

"Maryam, sa wa Faisal. Umara zai yi."

"Kawu, ka yi haƙuri, akwai wanda ya riga shi."

"Wa zai sani?"

Na ce, "Ni zan sani, Kawu."

Mushrif, shugaban sashenmu, yana bayana. Shi kaɗai ke da ikon sauya layi. Ya tambaye ni wa ke gaba, na nuna masa. Ya ce, "Khalas, shi ke nan, ba dattijon."

Na buga tikitin, na kira Malam Adamu. Ya karɓa da hannu biyu, ya ruga.

Kawu bai amsa gaisuwata ba har bayan salla. Na yi kuka a gida, amma ban yi nadama ba.

Abin da na koya shi ne, wanda ke layin jira ba ya ganin allonmu. Bai san an tsallake shi ba, ba zai taɓa sani ba. Ya zauna ne kawai don ya yarda da mu. Duk ranar da naku ya tsaya a taga, ku ɗaga ido ku dubi mutumin da ke zaune a benci.