Bututun da Aka Tono a Ƙofar Gidanmu

Jama'a, ku ji abin da aka tono a ƙofar gidanmu yau!

Shekara biyu famfonmu ko ɗigo ba ya yi. Kullum gidan maƙwabcinmu Alhaji Sabo muke ɗibar ruwa, muna ta sa masa albarka.

Da hantsi sai ga ma'aikatan ruwa a layinmu nan Rano, suna neman masu jan ruwa ba izini. Suka haƙa. Babbansu ya kira ni: "Hajiya, bututun nan naku ne?"

Na ce, "Namu ne, da takardarmu."

Ya ce, "To an yanke shi, an karkatar da shi gidan can."

Innalillahi! Gidan Alhaji Sabo!

Ya fito yana gyara hula, wai mai gyaran famfo ne ya yi, shi bai sani ba. Babban ya ce, "Sai ka zo ofis, Alhaji."

Nan take suka mayar mana da ruwanmu. Sai na ji Inna, uwar mijina, tana ihu: "Ruwa! Ruwa!" Ashe kan famfon a buɗe yake! Tsakar gida ta cika, takalma suna yawo, kaji sun haye turmi.

Wallahi da jiƙaƙƙen zani nake rubuto muku!